Ranar da Unguwarmu Ta Fice Daga Laccar Yaya Isiyaku

A wannan kakar riɗin ne yayana, Duktur Isiyaku, ya cika shekara goma sha huɗu da rasuwa. Kowace shekara mukan taru a gidansa mu sauke Alƙur'ani, a raba sadaka, maza su zauna a rumfa suna shan jabana, wato gahawa, suna tuna kirkinsa. Akan ce mutum ne mai haƙuri, ba ya hana marar lafiya ganinsa, ba ya ɗaga murya. Duk gaskiya ne. Amma akwai magana ɗaya da ba a taɓa ɗaukowa a wannan zaman ba, kuma ita ce ta fi kowace girma a rayuwarsa. Bana na ga gara in rubuta ta, ni ƙanwarsa Hajara, tun da sauran waɗanda suka ga abin da idonsu.

Mu jikokin mahajjata ne, kamar yawancin mutanen unguwarmu a nan Gadarif. Kakanmu ya baro ƙasar Hausa da ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya nan don ya yi noman damina ɗaya ya sami guzuri, damina ta zama rayuwa. Mahaifinmu a gonakin mashru'i, wato manyan gonakin masu kuɗi, ya ƙare ƙarfinsa, yana yankan riɗi da dawa a filayen da ido ba ya ganin ƙarshensu. Yaya Isiyaku ne na farko a danginmu da ya je Khartum ya karanta likitanci. Da aka buɗe jami'a a garin nan sai ya dawo gida, yana koyar da ɗalibai da safe, yana duba yara a asibiti da rana. Ranar da ya dawo, tsofaffin unguwa har rangaɗa guɗa suka yi. "Duktur namu," haka ake kiransa, kamar kowa ya zuba hannu wajen haihuwarsa.

Abin da ya fi damunsa a lokacin shi ne katangar jami'a. Yakan ce an kawo rijiya tsakiyar gari an kewaye ta, masu ƙishirwa suna wucewa ta gefenta. Shi da wasu abokan aikinsa suka nemi izini, suka fara abin da muke kira muhadara, wato lacca ta kowa da kowa, duk ranar Asabar bayan la'asar. Akan buɗe ƙofar jami'a, a jera kujerun ƙarfe a inuwar darbejiya, maza gefe guda, mata gefe guda. Wani malami ya zo ya yi bayanin abin da ya sa ƙasar da take cika rumbu a zamanin iyayenmu ta fara gajiya. Wani ya yi magana a kan ciwon kala'azar da ƙaramin ƙwaron da ke kawo shi. Wani a kan ruwan tafki da kumburin ciki, wani a kan maganin feshi da abin da yake yi wa ƙirjin lebura. Har husufin wata an taɓa yi wa lacca, limamai biyu suka zo suka zauna a gaba.

Wanda bai ga taron nan ba zai ɗauka ina ƙari. Za ka ga mai mashru'i da farar jallabiyyarsa yana zaune kusa da leburan da ke yi masa yankan riɗi. Direbobin manyan motocin Gallabat sukan tsaya su saurara kafin su kama hanya. Masu shayi sukan kafa murhunsu a bakin ƙofa, su ma kunnensu yana ciki. Da Larabci ake yi, amma in tsoho ya tashi ya yi tambaya da Hausa, Yaya yakan ba shi amsa da Hausa tukuna, sannan ya juya wa sauran da Larabci. Mutanen unguwarmu suna da layinsu na kujeru a hannun dama, ba wanda ya ba su, su suka kama. Baffanmu Garba, ƙanin mahaifinmu kuma dattijon unguwa, shi yake zama a kujerar farko, da sandarsa a tsakanin gwiwoyinsa.

A nan labarina ya shigo. Ni ɗan Baffa Garba na aura, Usmanu. Tuwona maina aka yi, kowa ya yi murna, ni ma ina sonsa. Ɗanmu na fari Bashir bai kai shekara ba hannuwansa da ƙafafunsa suka fara kumbura, yana tsala kuka in an taɓa shi. Da ya girma kaɗan idonsa ya koma ɗorawa, in sanyi ya shigo sai ciwon ƙashi ya kama shi, ya riƙa birgima a kan gado yana kiran sunana kamar ina nesa, alhali ina riƙe da shi. An ce iska ce, an ce baki ne, an yi rubutu, an yi turare, har wata tsohuwa ta so a ɗora masa ƙarfe mai zafi a gaɓoɓi. Yaya ne ya hana. Ya ɗebi jininsa da nawa da na Usmanu, bayan kwanaki ya zo ɗakina ya zauna a bakin gado ya faɗa mana sunan ciwon: amosanin jini, wanda likitocin nan suke kira manjaliyya, domin ƙwayar jinin takan lanƙwashe kamar lauje. Ya ce ni ina ɗauke da rabinsa, Usmanu yana ɗauke da rabinsa, mu lafiyarmu ƙalau, yaron ne ya haɗa biyun.

Daga nan Yaya ya fara duba baya. Ya tuna ƙannenmu biyu da suka rasu suna ƙanana da irin wannan kukan. Ya tuna 'ya'yan gwaggonmu. A asibiti kuma kullum yana ganin fuskokin da ya sani, matan unguwarmu da yara a goye, ido ya yi ɗorawa. Bai fara da jami'a ba, wannan ina so a sani. Zauren Baffa ya fara zuwa. Usmanu yana wurin, shi ya ba ni labari. Yaya ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baffa, ina so ka tara mini dattawa in yi musu bayani. Yaranmu suna mutuwa da abin da za a iya kauce masa." Baffa ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Isiyaku, ka yi wa yara magani, Allah ya yi maka albarka. Amma maganar jini, ka bar ta a cikinka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Yaya ya koma ba sau ɗaya ba. Amsar ba ta canza ba.

Ranar Asabar ɗin da ya ɗauko maganar, ina cikin mata, tare da malaman makarantar da nake koyarwa. Ya fito da ƙwarya biyu, kowace an cakuɗa farar dawa da ja a ciki daidai wa daida. Ya kira mutum biyu daga cikin jama'a, ya ce wannan uba ne, wannan uwa, aka yi dariya domin dukansu masu gemu ne. Ya sa suka rufe ido, kowa ya ɗauko ƙwaya ɗaya. Fari da fari, ya ce lafiyayye. Fari da ja, ya ce lafiyayye ne, amma yana ɗauke da irin. Suka yi ta ɗauka, har ja da ja suka haɗu a tafin hannunsa. Ya ɗaga su sama ya ce, "Wannan shi ne yaron da ba ya barci in sanyi ya zo." Ni kuwa sai na ji kamar an ɗaga Bashir ne a gaban mutane.

Na riƙe abin da ya faɗa a ranar, domin daga baya an yi ta ɗora masa abin da bai ce ba. Bai ce auren zumunci haramun ne ba. Ya ce ko bare biyu da ba su taɓa ganin juna ba, in dukansu suna ɗauke da irin, haka za ta faru, sai dai a cikin dangi ɗaya irin ya fi saurin haɗuwa. Ya ce ba tsinuwa ba ce, ba kuma aibin wata ƙabila ba ce, ana samunsa a ƙasashe da yawa inda zazzaɓin sauro ya daɗe, har ma mai ɗauke da rabinsa yakan fi jure zazzaɓin. Abin da ya roƙa ɗaya ne: a gwada jini kafin a ɗaura aure, domin a shiga da ido a buɗe.

Da a nan aka tashi, da wataƙila ba abin da zai faru. Amma wani ɗan kasuwa ya miƙe ya ce, "Ya duktur, a garin nan wane mutane ne abin ya fi kamawa?" Na ga Yaya ya dubi layin hannun dama, ya dubi ƙwaryar da ke gabansa. Sannan ya ce, "Ina ganinsa a ƙabilu da dama. Amma ba zan ɓoye muku ba, ina ganinsa da yawa a cikin mutanena. Yana cikin gidanmu. Ni kaina ina ɗauke da shi." Daga can baya wani ya ce, "Jinin Fallata ke nan," sunan da ake kiran mu jikokin mahajjata da shi, wasu samari suka kwashe da dariya.

Baffa ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya kakkaɓe rigarsa ya nufi ƙofa, mazan unguwarmu suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, Usmanu a cikinsu. Har yau in aka ja kujerar ƙarfe a kan siminti sai gabana ya faɗi. Matan unguwa su ma suka ja mayafansu suka tashi, kowace ta wuce sai ta dube ni. Na zauna, ba don jarumta ba. Yaya bai kai ga faɗin abin da uwa za ta yi in ciwon ya tashi ba, ni kuwa shi na zo ji. Ya tsaya har ƙarar kujeru ta lafa, ya sha ruwa, ya ci gaba da cewa a riƙa ba yaron ruwa da yawa, a rufe shi daga sanyi, kada a yi wasa da zazzaɓi. Haka ya yi har ya kai ƙarshe.

Ba zan zalunci Baffa ba, shi ma yana kabari yanzu. Tsoronsa ba na banza ba ne. Mutum ne da aka haifa a ƙasar nan, ya tsufa a cikinta, amma ya sha tsayawa a gaban yaro sa'an jikansa a ofis ana tambayarsa asalin kakansa kafin a ba ɗansa takardar zama ɗan ƙasa. Ya san yadda kalma ɗaya take manne wa mutane ta ƙi fita. Kuma abin da ya ji tsoro ya ɗan faru. Wata yarinyar unguwarmu da wani bare yake nema, iyayensa suka janye ba tare da ko gwaji ba. A kasuwar amfanin gona aka yi ta tsokanar 'yan dakonmu da maganar lauje. Yaya ya ji duk wannan, kuma ya ci shi a rai. Ya taɓa ce mini, "Hajara, na yi ta juya tambayar mutumin nan. Wataƙila akwai amsar da ta fi tawa hikima. Amma da na ce ban sani ba, da na yi ƙarya a gaban iyayen yaran."

Abin da ba ni da bakin kare shi shi ne abin da unguwa ta yi bayan nan. Ba a kore shi ba, ba a zage shi a fuska ba. Mu ba ma haka. Janye jiki aka yi. In ya shiga sahu a masallaci sai a sami 'yar tazara a gefensa. Aka daina kiransa ɗaurin aure, shi da a da ake jinkirta fatiha har sai ya iso. In ya yi sallama a majalisa sai a amsa a taƙaice, hira ta mutu har ya wuce. "Duktur namu" ya koma "ɗan jami'ar nan". Aka ce ya sayar da asirin dangi don Larabawa su tafa masa. Hausawa suka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma mu haka muka ɗauke shi.

Ga kuma inda kunyar ta fi nauyi. Mutanen da suka ƙaurace masa a masallaci ba su daina kai masa 'ya'yansu ba. Da tsakar rana, lokacin da zafi yake korar kowa cikin ɗaki, titi ya zama ba kowa sai awaki, a lokacin ake zuwa. Ta ƙofar baya, wadda take fita lungun masu itace. Mutum ya shigo da yaro a kafaɗa, kansa a sunkuye, a duba masa, ya fita ya waiga dama da hagu. Gobe su haɗu a kan hanya ya kau da kai. Matar Yaya ta gaji ta ce za ta sa a toshe ƙofar. Ya ce mata, "Bar ta. In ta nan suka iya shigowa, ta nan za mu karɓe su. Yaron bai yi mini komai ba." Usmanu ma ta wannan ƙofar ya riƙa kai Bashir, domin kada mahaifinsa ya ji.

Bashir ya kai aji biyar. Yaro ne mai son lissafi da kiwon tantabaru, in yana da lafiya ba ka cewa shi ne. Wani sanyi ya zo da zazzaɓi, ƙirjinsa ya riƙe, Yaya ya yi duk abin da ya sani, Allah ya karɓi abinsa. A zaman makoki Baffa da Yaya suka zauna a tabarma ɗaya, kakan yaro da kawunsa, kowa yana karɓar gaisuwa. Na leƙo ta taga ina fatan in ga ɗaya ya juya ya dubi ɗaya. Baffa yana jan carbi, idonsa yana zubar da hawaye, amma bai juya ba. Usmanu daga baya ya je ya nemi gafarar Yaya, su biyu a ɗaki. A bainar jama'a kuwa bai taɓa iya cewa komai ba har shi ma ya bar duniya.

Yaya bai daina laccar Asabar ba. Layin hannun dama ya daɗe ba kowa, daga baya wasu suka cike shi. Ya ƙara da fita ƙauyuka, yau Mafaza, wani makon Shuwak, ya tsaya a inuwar kasuwa da ƙoransa biyu ya yi wa manoma da makiyaya bayani. Can akan saurare shi, a yi masa tambayoyi, a kawo masa nono. Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Haka ya yi ta yi har ciwon ƙoda ya kwantar da shi, bai daɗe ba ya cika. Jana'izarsa ta cika maƙil: malaman jami'a, ɗalibai, leburori, mutanen ƙauyukan da ban san sunansu ba. Unguwarmu ma ta fito kaf, ba a bar kowa a gida ba. Dattawa suka yi ta yabonsa, wannan ya ce ya duba masa jika, wancan ya ce bai taɓa ganin fushinsa ba. Na kasa kunne ko mutum ɗaya zai ce, "Ya faɗa mana gaskiya, muka juya masa baya." Ba wanda ya ce. Muka binne shi da maganar tare.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce in ya leƙo Gadarif ta yau. Jami'a ta girma, an yi manyan ɗakunan taro masu na'urar sanyi. Ana yin laccoci har yanzu, wasu ma masu kyau ƙwarai, amma sai ka ga ɗalibai ne da malamansu, suna yi wa juna magana. Mai shayi ba ta san ana yi ba, lebura kuwa ko an ce ya shiga zai dubi takalminsa ya fasa. Ba laifin jami'a kaɗai ba ne. Mu ma mun daina zuwa. Ilmi yanzu a waya muke karɓarsa, daga muryar mutumin da ba mu san fuskarsa ba, wanda ba za ka iya ɗaga hannu ka tambaye shi ba. Makon jiya wata maƙwabciyata ta kunna mini wani yana rantsuwa cewa garin maganinsa yana wanke manjaliyya daga jini cikin wata guda. Na san Yaya ba zai yi fushi da ita ba. Zai ce ta kawo kujera.

Gwajin da ya roƙa kuwa, yanzu ana yi. Gidaje da yawa a unguwarmu ba sa ɗaura aure sai an yi. Amma a ɓoye. Akan ce yarinya ta tafi gaida 'yar'uwarta a wani gari, alhali jini aka je gwadawa inda ba wanda ya san mu. In sakamako bai yi daɗi ba, sai a ce istihara ce ba ta yi kyau ba. Mun karɓi maganinsa, mun ƙi ambaton sunan ciwon, mun ƙi ambaton sunan wanda ya kawo. Bara na je wata lacca a jami'a a kan wannan ciwon. Wata matashiyar likita ce ta gabatar, mai ilmi da ladabi. A farkon jawabinta ta ce, iya saninta, ba a taɓa tattauna wannan batu a bainar jama'a a garin nan ba. Na ji fuskata ta yi zafi. Ba ƙarya ta yi ba, iya saninta ke nan. Wa zai faɗa mata? Mu da muka san labarin mu muka haɗiye shi. Na duba ɗakin, ban ga fuska ɗaya daga unguwarmu ba. Da aka tashi na same ta na ba ta labarin Yaya, ta riƙe hannuna ta ce, "Ya hajja, me ya sa ba wanda ya rubuta wannan?"

To, me ya rage na Yaya Isiyaku? Ba ɗakin taro mai sunansa, ba titi. Ƙoren nan biyu ma an daɗe da fasa su. Na daɗe ina ganin kamar ba abin da ya rage, sai a daminar da ta wuce.

Yaya ya bar 'ya mace, Ihsan, tana ƙarama ya rasu, rabin tashinta a ɗakina ne. Ni kuma ina da ɗa, Salahu, ƙanin Bashir. Suka taso suna son juna, ba wanda ya haɗa su, kuma ba zan ɓoye ba, na daɗe ina ganin yarinyar nan a matsayin surukata. Da maganar aure ta taso, su da kansu suka je gwaji, a nan cikin gari, da rana tsaka. Dukansu suna ɗauke da irin.

Matan dangi suka taru a tsakar gidana don a sasanta. Wata ta ce ai ɗaya cikin huɗu ne kawai, uku lafiya. Wata ta ce Allah ne mai tsarewa. Ihsan tana zaune a ƙasa kusa da ƙafata, idonta ya kumbura don kuka. Ta bari suka gama, sannan ta ɗago ta ce, "Gwaggo, ke kin haifi ɗayan. Ki faɗa musu ko kaɗan ne." Duk suka juyo gare ni. Na buɗe baki, na ba su labarin Bashir tun daga kumburin hannunsa har ranar da na rufe masa ido, abin da ban taɓa faɗa wa taro ba. Ba wadda ta ƙara cewa ɗaya ne kawai.

Sai babbar cikinsu ta ce, to shi ke nan, a fasa, amma a gaya wa mutane istihara ce. Ihsan ta girgiza kai. "A'a, Inna. Ba za a ɗora wa istihara ba. Duk wanda ya tambaya a ce masa manjaliyya ce, ni ina da rabi, Salahu yana da rabi. Ba sata muka yi ba." Yarinyar da shekarunta ba su kai tsawon auren wasunmu ba ta faɗi abin da mu, da furfurarmu, muka kasa faɗa a kan kabarin ubanta. Na sunkuyar da kai, ban san lokacin da na rufe fuskata da mayafi ba.

Abin bai zo da sauƙi ba, kuma ba zan yi wa masu karatu ado ba. Salahu ya tafi aikin girbi wajen Mafaza, ba ya son zaman gida yanzu, in ya kira ni gaisuwa ce kawai. Ihsan ta rame. Takan zo ta gaishe ni ta tsaya daga bakin ƙofa, ba ta shiga ɗakin da ta girma a ciki. Gadon da Yaya ya bar mana ke nan, kuma mai tsada ne: yara biyu da suka haƙura da juna don kada su haifi kuka.

Kwanan baya a wajen wani suna, tsakar gida cike da mata, wata ta ɗaga murya ta ce, "Hajara, wai me ya raba auren yaran nan?" Na ji tsohuwar amsar ta zo mini har bakin harshe. Na haɗiye ta, na ce, "Manjaliyya. Sun yi gwaji, dukansu suna ɗauke da ita, kamar ni da marigayi Usmanu." Sai wata yarinya mai goyo, daga can kusa da randa, ta ce a gaban uwar mijinta da kowa, "Gwaggo Hajara, a ina ake yin gwajin? Ƙanwata za a sa wa rana."

Na faɗa mata. Na kuma faɗa mata wanda ya fara cewa a yi.

Allah ya jiƙan Yaya Isiyaku, ya sanyaya makwancinsa, ya yafe wa unguwar da ta sha daga hannunsa tana kau da kai.